Riƙon Babban Gari da Tsara Shi: Darasi Daga Birnin Kano

An shirya wannan darasi ne domin kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai da masu unguwa, da kuma duk wani maigida da ya ke so ya san dalilin da ya sa wata unguwa ta kan wuce damina lafiya, wata kuwa ruwa ya ci ta kowace shekara. Abin da za a nuna a ciki guda ɗaya ne. Tsarin gari ba ya tsayawa sai abu uku sun haɗu a hannun hukumar da ke kusa da jama'a, ko a hannun hukumomin da ke jin maganar juna, watau ikon ƙasa, da kuɗin aiki, da idon da ke kan titi kullum. In ɗayansu ya ɓace, taswira kome kyanta a cikin kabad ta kan ƙare. An ɗauki birnin Kano don misali, domin ya daɗe, tarihinsa a rubuce ya ke, ya kuma ɗanɗani mulki iri iri.

1. Garin da aka gina da lissafi

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa, wanda a ke kira Tsaraki, ya ƙarasa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki, tsakanin 1618 da 1623, har kewayenta ya haura mil 10.

Mai karatu ya lura da cewa ba a matse ganuwar nan a jikin gidaje ba. An bar fili mai yawa a cikinta, na noma da na kiwo, don in abokan gaba sun kewaye gari a sami abinci, mutanen ƙauye kuma su sami wurin fakewa da dabbobinsu. Sa'ad da matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya kimanta mazaunanta wajen mutum 30,000, ya ce kuma da rani, in fatake sun sauka, su kan ninka. Duk da haka gidaje ba su cika ko rabin filin da ke cikin ganuwa ba. Ashe magabata sun yi wa jikokinsu tanadin fili na ɗaruruwan shekaru.

Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa, ya kuma fitar da majalisar nan ta Tara ta Kano. A zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Manyan hanyoyi suka taso daga ƙofofi suka nufi kasuwa da fada, masu sana'a kuma suka zauna unguwa unguwa, marina da maƙera da dukawa. Kowane abu da mai riƙonsa. Ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, kasuwa tana da Sarkin Kasuwa, mahauta suna da Sarkin Pawa, kowace unguwa kuma da mai unguwarta. In damina ta wuce, a kan raba gyaran ganuwa ga masu sarauta da jama'arsu, kowa da yankinsa, don in wani wuri ya zube a san wanda za a tambaya.

Har ramukan da aka haƙi ƙasar gini ba su zama banza ba. Su ne kududdufai. Da damina su kan tare ruwan unguwa, in sun cika su tumbatsa a hankali zuwa Jakara, ita kuwa ta fitar da ruwan bayan gari. Lalle kududdufi matattarar sauro ce da ƙazanta, amma yana da aikin da ya ke yi, wanda ba a kan san darajarsa ba sai ran da aka cike shi aka yi gini a kai.

2. Zuwan Turawa: gari biyu, shugaba biyu

Sojan Ingila suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Turawa ba su zauna cikin birni ba, suka kafa barikinsu gabas da ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, nan da nan cinikin gyaɗa ya kankama. Tasha ta jawo kantunan kamfanoni, kantuna suka jawo akawuna da leburori da masu sana'a daga kudancin ƙasar da sauran ƙasashen bakin teku. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Fagge, wadda zangon fatake ce tun kafin Turawa, ta cika ta batse. Aka ba Kwarori, watau 'yan kasuwar Sham da Labanan, fulotai kusa da tasha, wajen da Kantin Kwari ya ke. Baƙi 'yan Arewa kuma suka zauna Tudun Wada da Gwagwarwa.

Dokar Garuruwa ta 1917 ta kasa garuruwan Nijeriya aji uku. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya, Kano tana cikin na biyu. Bisa tsarin wancan zamani, a kan bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Ta haka Kano ta zama gari biyu da shugaba biyu. Birni yana hannun Sarki da En'e, bariki da Sabon Gari kuwa suna hannun wani Baturen majistare. Sai a 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e.

Akwai darasi biyu a nan. Na ɗaya, titunan Sabon Gari miƙaƙƙu ne, suna gicciye juna, kuma haka su ke har yau bayan shekara fiye da 100, domin an auna su tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Mutane sun ƙaru, gidaje sun hau sama, amma titi yana nan inda aka zana shi. Na biyu, tsarin da aka yi don a rarraba mutane ba ya kawo adalci. Unguwar Turawa ta sami manyan fulotai da itatuwa da magudanan ruwa don mutane kaɗan, unguwannin Waje kuwa, inda jama'a suka yi yawa, suka tashi a cunkushe.

3. En'e da baitulmali

A da, haraji ya kan shiga hannun sarki da hakimai, su kashe yadda suka ga dama. Wajen 1911 baitulmalin En'e ya kafu a manyan masarautun Arewa. Daga nan aka shiga tara haraji da jangali wuri ɗaya, Gwamnati ta ɗauki kasonta, saura ya zama na En'e. Da farko rabi ne, daga baya kason manyan En'e ya ƙaru. Aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka riƙa rubuta ƙiyasin kuɗin shiga da na fita kowace shekara, abin da ya ragu a ajiye. Baitulmalin Kano shi ne mafi ƙarfi a duk Arewa, saboda yawan jama'a da albarkar gyaɗa.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka rarraba wa 'yan majalisa aiki. Waziri ya kula da sha'anin shari'a, Madaki da hakiman karkara, Galadima da birni da ma'aikatun En'e, Ma'aji da baitulmali. Birni kansa an kasa shi fuska huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da Wakilinta, ƙarƙashin kowane Wakili kuma akwai masu unguwa. En'e tana da ma'aikatar ayyuka, da maɗaba'a, da 'yan doka, da duba-gari, da malaman safiyo waɗanda suka auna gonakin kewayen birni don a yanka haraji bisa girman gona.

Babban aikin wannan zamani shi ne na ruwa da lantarki, wanda aka gama wajen 1931. Da kuɗin ajiyar baitulmali aka yi shi. Aka jawo ruwa daga kogin Challawa, aka tura shi da inji zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari da kansa. Har huda ganuwa aka yi don bututun, wurin ya zama Ƙofar Famfo. A zamanin nan ne kuma aka buɗe asibitin birni, aka huda Sabuwar Ƙofa, aka sake gina Masallacin Juma'a na birni, wanda aka ƙare a 1951.

Me ya sa hukumar gari ta iya irin wannan aiki? Domin abu ukun nan suna hannunta. Ba a ba da fili sai da saninta. Kuɗinta daga jama'arta ta ke tarawa, ta san adadinsu tun kafin shekara ta kama, don haka ta kan iya yin ajiya don babban aiki. Mai unguwa kuma ya san kowane gida, gama shi ke rubuta sunayen masu haraji, shi ke shaidar cinikin gida. In wani ya turo katangarsa cikin hanya, labari ya kan tashi daga mai unguwa zuwa Wakili, daga Wakili zuwa Galadima, kafin ginin ya bushe.

Amma kada mai karatu ya ɗauka En'e ba ta da aibu. Talaka ba shi da ƙuri'a, ba shi kuma da bakin tambayar inda kuɗinsa suka shiga. Mutumin ƙauye da Bafillatanin daji su ne suka fi jin nauyin haraji da jangali, famfo da fitila kuwa a birni suka tsaya. Akwai aikin tilas, akwai karɓar gaisuwa, akwai dukan 'yan doka. Saboda irin waɗannan ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙuduri a Majalisar Jihar Arewa a watan Agusta na 1950, yana neman a gyara tsarin En'e. A watan nan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta yi ta sukar mulkin En'e ba dare ba rana. Dokar En'e ta 1954 ta tsara yadda Sarki zai yi aiki tare da majalisa, ta kuma buɗe hanyar kafa majalisun gari masu zaɓaɓɓun wakilai. Gyaran ya zama dole. Abin tambaya shi ne, da aka zo kawar da zaluncin, an tsare amfanin ko kuwa an zubar da shi tare?

4. Shirin shekara ashirin

Ƙidayar 1952 ta sami mutum wajen 130,000 a Kano, ta 1963 kuma wajen 295,000. Dalar gyaɗa ta tashi a bakin tasha, masana'antu suka fara kafuwa a Bompai, filin jirgin sama ya zama mahaɗar jiragen ƙasashen waje. Garin ya fi ƙarfin a riƙe shi kashi kashi. Tun 1946 akwai dokar tsara birane da karkara, wadda ta ba da ikon kafa hukumar tsara gari. A 1962 aka kafa irin wannan hukuma domin Kano da kewayenta, wani masani kuma mai suna Trevallion ya shirya mata tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya dubi birni da Waje da bariki a matsayin gari ɗaya.

Sai dai zamani bai jira taswira ba. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, Kano ta zama hedikwatar sabuwar jiha ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo, yaƙin basasa kuma ya ci har 1970. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya koro mutanen karkara da na ƙasashen arewa zuwa birni, kuɗin man fetur suka ƙara jawo wasu. Inda Gwamnati ta riƙe fili ta yi awo, kamar wuraren masana'antu na Sharaɗa da Challawa, da rukunin gidajen Kundila da Gwammaja, tsari ya tsaya. Inda ba ta isa da wuri ba, jama'a suka yi wa kansu. Wa'adin shirin ya ƙare a 1983, garin kuwa bai tsaya ba. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas da garin ya mamaye. Ko da ya ke iyakar da aka ƙidaya ta faɗaɗa, wannan ya fi ninki 20 na adadin 1952.

5. Yadda iko ya rarrabu

Daga 1968 aka shiga karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filin da ke cikin birane a hannun Gwamnan jiha, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da fili a karkara kaɗai. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya huta da wani nauyi mai tsanani, amma ƙaramar hukuma ta rabu da tushen kuɗinta na gida, ta kuma rabu da ƙidayar magidanta da a kan yi kowace shekara. Daga nan dogaro ya koma kan kason da ke zuwa daga asusun Tarayya, wanda Tsarin Mulki na 1999 ya ce ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda Gwamna ya naɗa kantoman riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ba.

An yi ta ƙara yawan ƙananan hukumomi har 1996, sa'ad da suka kai 774 a Nijeriya, 44 a Jihar Kano. Garin Kano ya bazu cikin takwas daga cikinsu, su ne Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Kowace da ciyamanta da majalisarta. Ban da su akwai hukumomin jiha, kamar KNUPDA ta tsara birane, da REMASAB ta kwashe shara, da KAROTA ta kula da ababan hawa, da hukumar ruwa.

Duk da haka, Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma aiki mai yawa a cikin gari. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da maƙabartu, da banɗakunan jama'a, da ƙananan tituna da fitilunsu da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da ƙiyasta gidaje don kuɗin haraji. To, mai karatu ya dubi inda abu ukun nan suka faɗa. Ikon ƙasa yana wurin Gwamna. Kuɗi daga Abuja su ke zuwa. Aikin titi a rubuce na ƙaramar hukuma ne. Ido kuwa yana wurin mai unguwa, wanda ke ganin kome amma ba shi da ikon hana gini. In abu ya lalace, kowa ya kan nuna ɗan'uwansa.

Ruwa kuwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Jakara ta kan taso daga cikin birni, ta ratsa ƙananan hukumomi da dama kafin ta kai Wasai a ƙasar Minjibir. Sharar da aka zuba a sama, na ƙasa ne ya kan kwana da ita a ɗakinsa.

6. Awon igiya

Mafi yawan magidanta ba su da halin jiran fulotin Gwamnati. Saboda haka mai gona a gefen gari ya kan kira dillali, a kawo igiya, a yanka gonar fegi fegi, a sayar da shaidar dagaci ko mai unguwa. Wannan shi a ke kira awon igiya. Da shi sassa da yawa na unguwanni irin su Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Ɗorayi suka tashi. Bai kamata a raina shi ba, gama shi ne ya ba dubban talakawa muhallin da wata hukuma ba ta ba su ba. Illarsa ita ce mai gona ba ya cin riba da hanya.

Ga lissafi don misali. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Gona mai eka 10 ke nan tana da 435,600. In an yanka ta fuloti mai ƙafa 50 da 100, watau 5,000 kowane, ba a bar kome ba, za a sami fuloti 87. In kuwa an ware sulusi don tituna da magudana da makaranta da masallaci da wurin shan magani, abin da ya rage zai ba da fuloti 58. Bambancin fuloti 29 ne, kuma daga aljihun mai gona za su fita. Ba abin mamaki ba ne in ya bar lungun da kura ma da ƙyar ta ke wucewa.

Bayan shekara 10 gidaje sun cika wurin. Babu inda bututun famfo zai bi, babu inda za a haƙa magudana, rijiya tana maƙwabtaka da salga, motar kashe gobara da ta ɗaukar mai naƙuda su kan tsaya a bakin titi. In hukuma ta so fitar da hanya a lokacin nan, sai ta rushe gidaje ta biya diyyar gini, wadda ta ninka kuɗin fili sau da yawa, ban da hawayen waɗanda aka tasa. Abin da turaku da kwana biyu na safiyo za su yi a farko, miliyoyi ba sa yinsa a ƙarshe. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Sakaci irin wannan ba a unguwar talaka kaɗai ya ke cizo ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A watan Agusta na 2022 ruwan sama ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, aka kuwa ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Rumfar da aka kafa a kan hanya ko magudana ta kan kawo wa hukuma kuɗin haya kaɗan yau, ta jawo wa kasuwa duka asara gobe.

7. Abin da ke wuyan shugaba

Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsari a mataki uku, na Tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Amma ko ba a jira sabuwar doka ko sabon ofishi ba, akwai abin da ciyaman da kansila za su iya yi da ikon da ke hannunsu.

Na ɗaya, a riga magina isa fili. Kowace ƙaramar hukuma ta san gonakin da gari zai cim ma nan da shekara biyar. A tara masu gonakin da dagacinsu da ma'aikatan hukumar tsara birane, a fitar da manyan hanyoyi da hanyar ruwa, a kafa turaku, a dasa itatuwa a kan iyaka. A raba asarar fili a kan dukan masu gonaki daidai, kada ta faɗa kan mutum ɗaya. Fulotin da ke bakin hanya ya fi na cikin lungu daraja, mai gona kuwa in an nuna masa wannan da lissafi ya kan yarda.

Na biyu, a rubuta gidaje. Titi ya sami suna, gida ya sami lamba, a shigar da su littafi. Hukumar da ba ta san yawan gidajenta ba, ba za ta san yawan ajin makaranta ko bututun da ta ke bukata ba.

Na uku, a tsare kuɗin gida. Kuɗin kasuwa da na tasha da na mayanka a karɓe su da rasit, su shiga asusu, a kuma manna lissafin shiga da fita a allon sakatariya inda kowa zai gani. Mutane ba su cika ƙin biya ba in suna ganin aikin kuɗinsu a ƙofar gidansu.

Na huɗu, gyara ya riga sabon aiki. A yashe magudanan ruwa a watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan Agusta ya zo. Yasar kwata ba ta da bikin buɗewa, ba a kuma rubuta sunan kowa a jikinta, amma ta fi sabon gini da yawa ceton rai.

Na biyar, a mai da wa mai unguwa hanyarsa. A ba shi taswirar unguwarsa, a nuna masa ofishin da zai kai rahoto, a kuma amsa masa cikin kwanaki ƙidayayyu. Shi kuma kada ya sa hannu a cinikin fegin da ke kan hanya ko kududdufi, ko da nawa ne la'adar.

Na shida, maƙwabta su zauna tare. Shugabannin ƙananan hukumomin da ke cikin gari ɗaya su riƙa taro a kan lokaci tare da hukumomin jiha, a kan magudana da juji da hanyoyin da suka haɗa su, a rubuta wa zai yi mene ne, da kuɗin wa, kafin yaushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na bakwai, shugaba ya fara da kansa. Filin makaranta da maƙabarta da filin Idi da jikin ganuwa amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna. Shugaban da ya yanka su ya raba wa magoya baya ba shi da bakin hana talaka turo katanga. In kuwa rushewa ta zama dole, a ba da sanarwa, a biya mai haƙƙi haƙƙinsa, kada a rushe rumfar mai rauni a ƙyale benen mai hali.

Maigida ma da nasa rabon. Kafin ya sayi fegi ya je ya gan shi da damina, ya tambayi inda hanya ta bi da inda ruwa ke bi. Ya nisanta salga da rijiya. Kada ya zuba shara a kwata. In lokacin zaɓe ya zo, ya tambayi mai neman ƙuri'arsa lissafin shekarar da ta wuce.

Ba za a koma zamanin En'e ba, bai kuma kamata a koma ba. Abin da a ke nema shi ne a sake haɗa ƙasa da kuɗi da ido, amma a hannun shugabannin da jama'a suka zaɓa, waɗanda kuma za su iya tambaya. Allah ya ba masu riƙon gari ikon tsare amana.

Tambayoyi don nazari

1. Don me magabata suka bar fili mai yawa a cikin ganuwar Kano?

2. Waɗanne abubuwa uku ne suka ba En'e ta Kano ikon yin aikin ruwa da lantarki? A ina kowannensu ya ke a yau?

3. Gona mai eka 6, fuloti nawa za ta bayar masu ƙafa 50 da 100 in an ware sulusinta don hanyoyi da wuraren jama'a?

4. A unguwar mai karatu, ina ruwan sama ya ke bi, kuma wa ke da alhakin yashe hanyarsa?